Karkashin da ke cikin gidan sauro

Malama Rukayya ta rasu.

Labarin ya iske ni da safen nan, ina tsugune ina soya riɗin kantu. Waya ta yi ƙara, na ga sunanta, na ɗauka ina dariya, har na fara cewa, "Sai yau aka tuna da mu?" Sai na ji murya ba tata ba. Ƙanwarta ce, Zainab. Ta ce jiya da azahar Allah ya karɓi abinsa, an kai ta makwancinta a Funtuwa bayan la'asar. Ta ce tana bin sunayen da ke cikin wayar ne tana sanar da mutane, ta iske an rubuta "Yaya Hajara Karkashi", ba ta san ko wace ce ba amma ta kira.

Riɗin ya ƙone a kasko. Ban ji ƙaurinsa ba sai da maƙwabciyata ta leƙo ta katanga.

Na Allah ne mu, kuma wurinsa za mu koma.

Ku da kuke bina a shafin nan kun saba ganin hoton kantu da man riɗi. Yau ku yi haƙuri da ni, zan yi dogon rubutu. Akwai abin da ke zuciyata, in ban faɗa ba ba zan iya cin abinci ba.

Wasunku na Ƙarfi da Malumfashi sun san ta ko da ba su san sunanta ba. Ita ce matar nan mai dogon hijabi da takalmin roba na maza, da take yawo a gefen gonaki da kular ƙanƙara a hannu tana tsinkar ciyawa. A garinmu Malama Mai Ciyawa ake ce mata. 'Yar Funtuwa ce, tana koyarwa a wata jami'a, kuma dakta ce, amma ta tsirrai. Ba ta taɓa yarda na ce mata Dakta ba. Ta ce in na fara, tsofaffi za su riƙa kawo mata ciwon gwiwa.

Ina da gayauna a bayan gidanmu, ƙarshen gari, gadon mahaifina. Riɗi nake shukawa. Da shi nake kantu, da shi nake mai, da shi nake fita kunyar biki da suna ba sai na miƙa wa maigidana hannu ba.

Wata damina riɗin ya tashi da kyau har mutane na tsayawa kallo. Da lokacin fure ya yi, sai abu ya juye. Kun san furen riɗi, fari da ɗan ja-ja, kamar ƙaramin kakaki. Nawa sai ya riƙa fitowa kore. In ka duba da kyau ba fure ba ne, ganye ne ƙanana a cunkushe, wani kan wani. Saman tsiron ya yi kamar bakin tsintsiya. Babu kwanso balle ƙwaya.

Mu a nan namijin riɗi muke ce masa. Kowace shekara akan samu ɗai-ɗai, ba mai damuwa. Amma a waccan shekarar ya kusa cinye rabin gayaunar.

Malam Garba, maigidana, ya ce iri ne aka cuce ni da shi a kasuwa. Wani ya ce taki ya yi yawa. Wata ta ja ni gefe ta ce in nemi taimako, wai ba banza ba.

A cikin wannan halin na fara ganinta.

Na fito da hantsi na hango mace a duƙe a bakin gonata, ta ba riɗin baya, tana duban ciyawar kan iyaka. Na ɗauka mai neman magani ce. Na yi mata sallama na ce, "Baiwar Allah, in tafasa kike nema ta can gaba ta fi kyau."

Ta miƙe tana kakkaɓe hannu. Ta ce, "Yaya, ki gafarce ni, na shigo ban nemi izini ba. Gonarki ce?"

Na ce tawa ce, ga ta nan yadda Allah ya yi da ita.

Ta ce, "Na gani. Shi ya tsayar da ni daga kan hanya."

Na ce to ai riɗin yana bayanki.

Ta yi dariya ta ce, "Shi na riga na san ba shi da lafiya. Ina neman inda ciwon yake kwana ne in babu riɗi."

Maganar nan ba ta bar kaina ba har yau.

Muka zauna a gindin darbejiya ta yi mini bayani, ba ta gaji ba duk da na sa ta maimaita. Ta ce akwai wata ƙwayar cuta, sunanta fitofilazma. Na kasa faɗa, ta ce ba komai, ita ma sai da ta sha wuya. Ta ce ƙanƙanuwa ce ƙwarai, ido ba ya ganinta, tana zama a cikin jijiyar tsiro, hanyar da abinci ke bi daga ganye zuwa sauran jiki. In ta shiga sai ta rikita tsiron, ya manta yadda ake yin fure. Ba ta tafiya da kanta. Wasu ƙananan ƙwari masu tsalle ne ke tsotso ta daga wannan tsiro su kai wa wancan.

Ta ɗauko wata raga mai sanda ta kaɗa a kan ciyawa, ta nuna mini su. Ba su kai ƙwayar shinkafa ba. Shekara da shekaru suna tsalle a ƙafata ban taɓa kula su ba.

Ta ce riɗi wata kaɗan yake yi a gona a yanke shi. To ina cutar take zuwa da rani? Dole akwai wata ciyawa da ke riƙe ta har damina ta dawo. Ita take nema.

Na ce, "To ki duba wadda ta yi kama da marar lafiya mana."

Ta ce, "Ido yana ƙarya, Yaya. Maganin feshi yakan murɗe ganye haka. Yunwar ƙasa takan sa shi rawaya. Wata ciyawar kuma lafiya lau za ki gan ta, alhali tana ɗauke da shi. Sai an gwada."

Daga ranar ta zama 'yar gida.

Takan zo lokaci zuwa lokaci, ta sauka a Malumfashi ta hau keke mai ƙafa uku zuwa wurinmu. Ni nake raka ta, saboda mace ita kaɗai a gonakin mutane sai a yi ta tambaya. Ina faɗa mata sunan ciyawa da Hausa, ita tana faɗa mini nasu na boko, muna yi wa juna dariya. Ta koya mini yadda take aikinta. Ba ganyen duka take so ba, jijiyar tsakiya take cirewa da reza, don a nan cutar ta fi taruwa. Kowane tsiro da sabuwar rezarsa, ko ta goge da sifirit sosai, kada na wannan ya taɓa na wancan. Kowanne da ledarsa. In ta ɗauki marar lafiya sai ta ɗauki mai lafiya irinsa a kusa, don a gwada su tare. Sai cikin kula, kan ƙanƙara.

Ta ce a can ɗakin gwaji niƙa shi suke yi, su tace, su sa a wani inji da ke neman alamar cutar ya riɓanya ta har ta fito a gani. Cutar ba ta yarda a rene ta a kwano kamar wasu, sai dai a bi sawunta haka.

Wata rana ta lura ina nisanta waya da fuskata in zan karanta. Zuwanta na gaba sai ga tabarau a cikin jakarta. Da shi nake wannan rubutun.

Ranar da jikata ta kwana da zazzaɓi, ta ajiye kular a zaure, ta fasa aikin ranar, ta raka mu asibiti Malumfashi. Ƙanƙararta ta narke a banza. Na yi ta ba ta haƙuri, ta ce ciyawa ba ta gudu.

Ba ta taɓa zuwa ta ƙi cin abincinmu ba. Tana zama a tabarma ta miƙe ƙafa, ta ce a ƙaro yaji.

Abincin ne ma ya kai mu ga abin da take nema.

Ta daɗe tana gwada ciyawa iri-iri ba ta samu komai ba. Rannan na yi tuwon dawa da miyar karkashi ɗanye. Kaka ta riga ta yi nisa, lokacin da karkashin kowa ya tsufa ya bushe. Ta ci loma biyu ta tsaya. Ta ce, "Yaya, ina kika samu ɗanyen karkashi yanzu?"

Inna Delu, maƙwabciyata, tsohuwa ce mai baki, tana zaune tare da mu. Ta riga ni amsawa. Ta ce, "Juya ce mana. 'Yar boko ba ta san juya ba."

Bari in yi wa waɗanda ba 'yan ƙauye ba bayani. Mu mata a nan, in za a yi noma, mukan ja wa masu fartanya kunne: a nome komai amma a bar mana karkashi, da lalo, da gasaya. Ba shuka su muke yi ba, da kansu suke fitowa, kuma su ne miyarmu. Ɗan ƙwadagon da ya sare wa mace karkashi zai ji magana har ya bar unguwar. A cikin karkashin kuma akwai wanda muka fi ji da shi, shi muke kira juya. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya, sai ganye ƙanana masu laushi, a cunkushe, kina tsinka yana ƙara fitowa. Sauran suna mutuwa shi yana nan. Wadda ta samu juya a gonarta har kewaye shi take yi da ƙaya. Mahaifiyata ta yi, ni ma na yi.

Malama ta ajiye tuwon ta wanke hannu. Ta ce, "Ku nuna mini."

Muka zagaya bayan gida. Akwai guda a bakin rariyar da ruwan wankinmu ke fita, daidai inda gayaunar ta fara, akwai wasu a cikin gonar. Ta durƙusa a cikin taɓo ba ta damu da hijabinta ba. Ta buɗe kan tsiron da yatsa ta ce in sa tabarau in duba.

Na duba. Irin abin da ke kan riɗina ne. Furen da ya koma ganye.

Kullum ina tsinkarsa, kullum ina kallon riɗin ina baƙin ciki, ban taɓa haɗa su ba. Ɗaya miya ne a wurina, ɗaya asara.

Inna Delu ta dafe ƙirji ta ce, "To mu da muke ci tun muna yara fa?"

Malama ta ce, "Ba ya kama mutum, Inna. Ki ci abinki. Kanki ba zai fito da ganye ba."

Inna ta ce, "Da ya fito ma ai da na huta da furfura."

Bayan wasu makonni ta turo mini hoto a waya. Baƙi ne, da wasu 'yan gajerun layuka masu haske a jere. Sai saƙon murya ya biyo. Ta ce in dubi layin farko, na riɗina ne marar lafiya. Na kusa da shi, inda babu komai, na mai lafiya ne. Sai ta ce, "Ki dubi na ƙarshe, Yaya. Juyarki ce." Yana nan da haskensa, daidai tsayin na riɗin.

Na ji murna fal a muryarta. Ni kuwa sai na ji kunya, kamar an kama ɓarawo a ɗakina ina ba shi abinci.

Na ce shi kenan an gano mai laifi.

Ta ce a'a. Nan ne na san irin mutuniyar da nake tare da ita. Ta ce hoton ya nuna akwai cutar a cikin karkashin, amma cutar dangi-dangi ce. Sai an aika an karanta ta sosai kafin a san ko irin ta riɗin ce, ko wata 'yar'uwarta ce da ba ruwanta da riɗi. Ta ce, "Ba zan shiga gari in ce wa mata su tuge miyarsu a kan zato ba. In na faɗa, ina so ya zama na sani."

Duk da haka ta ba ni shawara ni kaɗai, in cire na cikin gonata tun da ba a sani ba. Na cire. Inna Delu ta ce ita nata yana nan daram sai an kawo mata shaida.

Na riɗin an aika, an karanta, an san danginsa. Na karkashin ne bai samu tafiya ba. An yi kwanaki babu wuta a wurin aikinsu, firijin ya saki, abin da ta tace ya lalace tare da na wasu. Da ta kira ni ta faɗa, ba ta yi ƙorafi ba. Tambaya ɗaya ta yi: "Akwai wanda ya rage?"

Saura na bakin rariya. Shi kaɗai na bari, don a raina ban ɗauke shi cikin gona ba.

Ta ce in rufa mata asiri in raya shi. Amma kada ƙwari su riƙa hawa kansa suna ɗiba. Ta ce in sa masa gidan sauro.

Na kafa sanduna na ɗaura tsohon gidan sauronmu, na danne gefensa da duwatsu. Garin nan babu wanda bai zo kallo ba. Inna Delu tana wucewa sai ta ce, "Hajara, ya mai jiki? Ya kwana lafiya? A kawo masa kunu?" Malam Garba ya ce shi sauro na cizonsa a ɗaki, karkashi na kwana a raga.

Haka na yi ta ba shi ruwa duk rani.

Zuwanta na ƙarshe ana tsakiyar zafi ne, kafin ruwan fari.

Ban ji sallamarta da ƙarfi kamar yadda ta saba ba. Ta shigo a hankali, ba kula a hannunta, sai 'yar jaka. Ba ta sa takalmin robarta ba, silifa ne, kuma ƙafafunta sun kumbura har sun cika shi. Na ce, "Malama, ƙafar nan fa?" Ta ce zaman mota ne. Na yarda. Na ga fuskarta ta yi fayau, na ce a raina zafi ne, kowa ya rame.

Muka je wurin karkashin. Kwana biyu kafin nan akuya ta fasa ragar ta cinye kansa, saura kara da 'yan ganye tsofaffi. Na ɗinke ragar amma abin kunya ya riga ya faru. Na yi ta bayani. Ta ɗaga ragar ta daɗe tana dubansa.

Ta ce, "Yana da rai. Amma yau ba zan ɗauka ba. Da zafin nan cutar takan yi ƙaranci a ganye, kada in kai a ce babu alhali akwai. A bari ruwa ya sauka ya yi sabon toho."

Sai ta zauna a kan turmi, abin da ba ta taɓa yi ba a bakin aiki, kullum a tsaye take ko a durƙushe. Ta buɗe jakar ta fito da wata kwalba mai murfi, cike da wasu ƙwayoyi shuɗɗa kamar duwatsun wuya. Ta ce suna shanye laima. In an sa jijiyar ganye a ciki aka rufe, za ta bushe ba tare da ta ruɓe ba, ta daɗe ana iya gwada ta. Ta haɗa mini da sabuwar reza a takardarta da ɗan farin ƙyalle.

Ta ce, "Kin ga yadda nake yi, hannunki ma ya fi nawa sauri. In ruwa ya zauna ban zo ba, ki yanki jijiyar sabon ganye, ki naɗe a ƙyallen, ki sa a nan ki rufe sosai. Sannan ki tuge shi ki ƙone, kafin ki shuka riɗi."

Na ce, "Wane irin in ba ki zo ba? Ni na yi ta ɗawainiya da shi, ke za ki zo ki yanka da hannunki."

Ta ce, "Yaya, ki dai ji. Raga tana yagewa. Riɗinki ya fi aikina."

Na ce, "Ai za ki zo."

Ta yi murmushi ta miƙo mini kwalbar.

Ta ce ko akwai miyar karkashi, ta yi marmari. Na ce busasshen ya ƙare, ɗanyen kuma ga shi akuya ta riga mu. Na ce in ta dawo da damina zan yi mata har ta gaji. Na dama mata fura, ta kurɓa kaɗan ta ajiye. Na cika mata leda da kantu. Na raka ta bakin hanya, muka tsaya a inuwa har keke ya zo. Duk tsayuwar nan, maganar irin da zan shuka bana nake yi mata, da tsadar taki. Tana saurare tana ba ni amsa. Da za ta hau sai da ta dafa kafaɗata.

Yau Zainab ta ce mini ciwon ƙoda ne, kuma tun kafin wannan zuwan ta san da shi. Ta ce ranar ma faɗa suka yi a gida, an hana ta fita, ta ce akwai saƙon da za ta kai Ƙarfi.

Kwalbar nan ce saƙon.

Mace ta taso daga Funtuwa da kumburarriyar ƙafa don ta kawo mini kwalba, ni kuma ina yi mata lissafin taki. Da na sake tambaya sau ɗaya. Da na ce, Malama, ki dubi idona ki faɗa mini. Wataƙila da ba ta faɗa ba, amma da na tambaya.

Ruwa ya sauka. Ya sake sauka. Karkashin ya yi toho, ya cika ragar, ganye ƙanana a cunkushe kamar yadda take so. Na ɗauki hoto na tura mata. Ta amsa da gajeren saƙo, ta ce ma sha Allah, in yi abin da ta ce. Na ce ina jiranta. Na sake turawa bayan kwanaki, shiru. Na ce a raina jarabawar ɗalibai ce ta riƙe ta. Funtuwa ba nisa, mota ɗaya ce daga Malumfashi. Kullum sai in ce in na gama wannan soyen zan je in duba ta.

Malam Garba ya fara magana. Maƙwabta sun yi huɗa, wasu har sun shuka. Ƙwarin nan masu tsalle sun dawo, na gan su da idona a kan ciyawar bakin rariya, kuma ragar ta tsufa, duk inda na ɗinke sai wani wuri ya buɗe. Ya ce, "Hajara, ko ki cire abin nan ko ki haƙura da riɗi bana. Ba za ki shuka a gefensa ba, ke kanki kin sani." Gaskiya ya faɗa. In na rasa riɗin bana, na rasa sana'ar shekara.

Na ce a ƙara mata mako guda.

Kwalbar tana kan kanta a ɗakina, kullum ina ganinta. Ba wuya aikin yake da shi ba. Kawai dai na ga in na yanka da hannuna, kamar na yarda ba za ta zo ba.

Bayan na ajiye wayar Zainab, na daɗe zaune. Inna Delu ta shigo, ita ce ta sauke kaskon. Da na faɗa mata, ta zauna a ƙasa ta ja mayafi ta rufe fuska. Can ta ce, "Yarinyar nan ko sau ɗaya ba ta taɓa wuce ni ba ta durƙusa ba."

Sai ta ce, "Tashi mu je ki yi mata aikinta."

Na wanke hannu da sabulu. Na sa tabarau. Inna ta riƙe mini ragar, na zaɓi sababbin ganye, na kwantar da su a kan faranti mai tsabta, na bi jijiyar tsakiya da reza kamar yadda na sha gani. Na farko ya yage, na sake. Na naɗe a ƙyallen na sa a kwalba. Na tuna takan ɗauki mai lafiya ma, to sababbin karkashi sun fito a kan iyaka, na yanki ɗaya da wata reza, na naɗe shi daban na ɗaure da baƙin zare don a bambanta, na sa shi a kwalbar na murɗa murfin har ya ƙi motsi.

Sannan na kama gindinsa na ja. Saiwarsa ta yi nisa, sai da Malam ya kawo fartanya. Shi ya haƙa, shi ya kawo kara muka ƙone shi tare da ragar.

Muna tsaye sai Inna Delu ta tafi gonarta. Ta dawo da juyarta guda biyu, sababbin fitowa, da saiwarsu, ta jefa a wutar. Na ce, "Inna, ai ba a kawo miki shaidar ba." Ta ce, "Mai kawowar ta tafi. In an gwada aka ce ba shi ba ne, wani zai fito."

Jibi in Allah ya kai mu zan shuka riɗi.

Gobe kuma zan tafi Funtuwa gaisuwa, tafiyar da ya kamata in yi tana da rai. Zan tafi da kwalbar in bar ta wurin Zainab. Ina roƙo, in akwai abokin aikinta ko ɗalibinta da ke karanta wannan, ko wanda ya san su, ku tura musu. Ku je ku karɓa. Ba a buɗe ta ba tun da na rufe, ƙwayoyin suna nan shuɗɗa. Mai baƙin zare shi ne mai lafiya. Abin da ya rage a sani shi ne ko cutar karkashin irin ta riɗin ce. In kun gwada, ko me ya fito, ku aiko mana Ƙarfi. Akwai matan da ke jiran su ji ko za su ci gaba da barin juya a gona, kuma ta ce ba za ta faɗa musu ba sai ta sani.

Ya Allah, ga baiwarka Rukayya ta zo gare ka. Ka gafarta mata, ka yi mata rahama, ka yalwata kabarinta ka haskaka shi. Ciwon da ta ɓoye mana ka sa ya zama kaffara. Duk taku da ta yi a gefen gonakinmu ka sa a mizaninta. Ka ba mahaifiyarta da Zainab da sauran 'yan'uwa haƙuri. Mu kuma in tamu ta zo ka sa mu cika da imani.

Wanda duk ya karanta har nan, don Allah kada ya wuce bai yi mata addu'a ba, ko da bai san ta ba. Ku ambaci sunanta a sujada.

Na tsinko sabon karkashi, mai lafiya, daga kan iyaka. Gobe da shi zan tafi, in yi wa mahaifiyarta miyar.